Karfasar da ta ƙi cin abinci

Wata huɗu ke nan ina kiwon karfasa a tankin roba a bayan gidanmu a Agege, Legas. Makon jiya na ga wata ta daina cin abinci, ta maƙale a kusurwa, maƙogwaronta a kumbure. Na ce shi ke nan, cuta ta shigo, jarina ya tafi. Na kira Baba mai gadin layinmu, mutumin Yawuri, wanda ya tashi cikin sana'ar kamun kifi. Ya leƙa, ya kwashe da dariya.

"Yaro, goyo take yi. Ƙwai ne cike da bakinta. Ƙyale ta."

Haka uwar karfasar Nilu take: ta kwashe ƙwanta a baki, ta yi kusan mako biyu tana azumi har 'ya'yan su yi ƙwari. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wannan kifin ba ta san uwarta ba. A gidan ƙyanƙyasar da na saye ta, daga bakin uwa ake zazzage ƙwai a ƙyanƙyashe su a kwalba. To wa ya koya mata?

Baba ya ce ai a jini yake. Masana kuma su ce ƙwayoyin gado, ni dai ban ga inda suka saɓa ba. Ko a nan kogin Legas akwai karfasa mai baƙin haɓa, wadda a wurinta uban ne ke goyon, ba uwar ba. Dangi ɗaya, gado daban.

Dangin karfasa na tafkin Malawi sun fi ba ni mamaki. Idan namiji zai jawo mace, a wani jinsin rami yake haƙawa a yashi, a wani kuma tudu yake tarawa, yana ɗibar yashin da baki. A 2018 masu bincike a Amurka suka ba da rahoton barbarar jinsunan biyu. 'Ya'yan ba su zaɓi ɗaya ba, ba su kuma cakuɗa ba: sai da suka fara haƙa rami, sannan suka koma gina tudu. Kowane gado ya jira layinsa, abin da ko a tashar danfo ba mu iya ba!

Jiya da asuba ta sake su, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Inuwata na faɗawa kan ruwan, suka ruga suka koma bakinta. Baba ya ce in raba su da manyan kafin a cinye su, don haka gobe sai kasuwar Mile 12 neman ƙaramin baho.