Makomar fayiba a Arewa tana cikin rami

Sana'ata sayar da intanet ce. Muna da ɗan ƙaramin kamfani a Kano, muna kai wa gidaje da makarantu da shaguna da asibitoci masu zaman kansu. Da rediyo muka fara, irin farantin nan da ake kafewa a kan hasumiya a saita shi da na saman rufin kwastoma. Yanzu kuwa duk sabuwar unguwar da za mu shiga, fayiba muke ja, wato wayar zaren gilashi da ake binnewa a ƙasa. Abokan sana'a sukan tambaye ni ko kuɗin da ake binnewa a ƙasa zai dawo, musamman tun da Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, ya shigo Najeriya a watan Janairun 2023. Ina ce musu zai dawo, amma ba ga kowa ba. Wanda ya samu ramin da zai saka wayarsa da araha, kuma ba a tono ta kullum, shi zai tsaya da ƙafafunsa.

Abin da ya fara ja na zuwa fayiba wutar lantarki ce. Kowace hasumiya da muke da ita tana son batir da sola da janareta da maigadi, kuma idan batir ya mutu cikin dare, unguwa guda ce ke wayar gari babu sabis. Tsarin da muke amfani da shi yanzu, wanda ake kira GPON, ba ya buƙatar wuta a hanya ko kaɗan. Na'ura ɗaya ce a ofishinmu take tura haske cikin zaren gilashi mai kaurin gashin kai. A kan hanya akwai ɗan akwati da ke raba hasken gida 32 ko 64, ba shi da fulogi ba shi da batir. Layin yana iya kaiwa kilomita 20. Wuta a wuri biyu kawai ake nema, ofishina da ɗakin kwastoma. Duk wanda ya san abin da man dizal ke ci a wata ya san girman wannan sauƙi.

Sai kuma maganar gobe. GPON yana ba da saurin gigabit biyu da rabi a kowace daƙiƙa wajen saukewa. Wanda ke binsa, XGS-PON, yana ba da gigabit 10 saukewa da ɗorawa, kuma a kan zaren nan da ke binne zai bi, domin launin hasken da yake amfani da shi daban ne, su biyun suna iya tafiya tare ba tare da ɗaya ya tsoma baki a harkar ɗaya ba. Ranar da kwastomomina suka buƙaci ƙari, kati zan sauya a ofis, in sauya ɗan akwatin da ke gidansu. Ba sai an sake ɗaukar diga da shebur ba. Shi ya sa ban damu da gardamar wace fasaha ce za ta zo nan da shekara goma ba. Ko wace ce, gilashin nan zai ɗauke ta.

Matsalar ita ce binne shi. Wayar kanta ba ita ce mai tsada ba. Kuɗin yana tafiya ne ga leburori, ga bututu, ga gyara kwalta da magudanar ruwa da aka fasa, sai kuma kuɗin izinin haƙa gefen titi da ake biyan gwamnati. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince a riƙa karɓar naira 145 a kan kowace mita, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar dubbai. Ekiti, misali, tana karɓar naira 4,500 kafin ta sauko zuwa 145 a shekarar 2020. Yi lissafi: kilomita ɗaya ya tashi daga naira miliyan huɗu da rabi zuwa dubu ɗari da arba'in da biyar. Kaduna a wannan shekarar ta yafe kuɗin gaba ɗaya. Na yaba wa jihohin da suka yi haka, domin gwamnan da ya tsawwala kuɗin rami yana samun na cefane yau ne, ya kori kamfanin da zai shekara ashirin yana biyan haraji yana ɗaukar matasa aiki. Ko inda gwamna ya sa hannu ma, ba a rasa mai zuwa da rasit daga ƙaramar hukuma ko wata ma'aikata ya ce shi bai ga takarda ba.

Bayan ka binne, sai ka fara addu'a. Alƙaluman da hukumomin sadarwa suka fitar sun nuna an yanke fayiba fiye da sau 50,000 a Najeriya a shekarar 2024, kuma kimanin 30,000 daga ciki aikin titi ne ya jawo. Ni ban yi mamaki ba. Katafila ɗaya, a wuni ɗaya, tana iya tsinke abin da muka yi wata muna shimfiɗawa, kuma direban bai san ma ya taɓa wani abu ba, don babu wanda ya nuna masa taswira. Ga masu haƙa magudana, ga masu jan bututun ruwa zuwa gida, ga ɓarayin da ke yanke waya suna zaton akwai tagulla a ciki, su buɗe su ga gilashi su yar a kwata. Yaranmu su fita da injin haɗa zare cikin rana ko cikin ruwan sama, su tsuguna suna haɗa silin gilashi ɗaya bayan ɗaya, waya kuma na ta ƙara a ofis. Kwastoma ba ruwansa da ɗan kwangila, ni ya sani. A 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya saka kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Mataki ne mai kyau. Abin da zai sa ya yi aiki shi ne a tilasta wa duk mai aikin titi ya sanar kafin ya fara tono, wanda ya yanke kuma ya biya.

Akwai wani ciwon da mu 'yan Arewa muka fi kowa ji. Intanet ɗin ƙasar nan ta teku yake shigowa. Wayoyin teku na MainOne da Glo-1 sun fara aiki a Legas a 2010, WACS ya biyo baya a 2012, Equiano na Google ya zo a 2022, sannan 2Africa wanda ya sauka Legas da Akwa Ibom. A bakin teku kaya sun yi yawa, farashi ya faɗi. Amma daga Legas zuwa Kano kusan kilomita dubu ne, kuma ƙaramin kamfani irin nawa haya yake kamawa a kan layin manya, waɗanda su ne kuma abokan gogayyarsa a kasuwa. Kamar ɗan kasuwar Kwari ne da ke sayen atamfa a hannun maƙwabcinsa na shago, a kan farashin da maƙwabcin ya ga dama. Sai ka ga mai kamfani a Legas yana sayar da megabit a farashin da ni ko sayensa ban yi ba.

Nan ne nake zuba ido a kan shirin gwamnatin tarayya da Minista Bosun Tijani ke jagoranta, na shimfiɗa fayiba kilomita 90,000 a kan kimanin 35,000 da ake da su, da kuɗin da aka ƙiyasta ya kai dala biliyan biyu. Tsawon bai dame ni ba kamar sharuɗɗan. Shin za a sayar wa ƙarami a farashin da ake sayar wa babba? Shin za a buga farashin a fili kowa ya gani? Shin layin zai bi hanya biyu, ta yadda idan aka yanke tsakanin Abuja da Kaduna zai zagaya ta Jos da Bauchi? Idan amsar e ce, to za ka ga matasa a Gusau da Dutse da Potiskum sun buɗe nasu kamfanoni. Idan kuwa aka miƙa shi ga 'yan ƙalilan su riƙe makulli, an dai ƙara tsawon waya ne. Tsarin faɗaɗa intanet na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar lokacin Isa Ali Pantami, ya sa burin intanet mai sauri ya kai kashi 70 cikin ɗari na jama'a, ba a kai ba, kuma babban dalilin shi ne wannan tazara tsakanin bakin teku da cikin ƙasa.

Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Kodibuwa, bankuna da ofisoshi sun sha wahala. Abin da na lura da shi a ranar shi ne duk abin da ke ajiye a na'urorin da ke cikin Najeriya bai girgiza sosai ba. Shi ya sa nake matsa wa abokan sana'a su haɗa layinsu da cibiyar musayar intanet ta IXPN, wadda ke da reshe a nan Kano. Babu dalilin da saƙo daga Fagge zuwa Tarauni zai je Legas ya dawo, ana biyan kuɗin mota zuwa da komowa.

Starlink kuwa ban ɗauke shi abokin gaba ba. A rugar da ke nesa da titi, ko gonar da ba za a taɓa ja mata waya ba, shi ne mafita, kuma ni da kaina nakan ba mutum shawarar ya saya. A unguwa mai cunkoso kamar Ƙofar Mata ko Sabon Gari, inda gida ke manne da gida, lissafin yana bayan fayiba, domin zare ɗaya na ciyar da gidaje sittin.

Abin da ke hannunmu mu ƙanana shi ne mu daina haƙa rami uku a titi ɗaya. Bututu guda yana ɗaukar wayar kamfani huɗu. Na fara zama da wasu abokan sana'a biyu a kan mu raba kuɗin tono da na gyara a wata sabuwar unguwa da ke gefen gari, kowa ya ja wayarsa, kowa ya nemi kwastomansa. Inda muka fi daɗewa muna ja-in-ja shi ne wa zai riƙe makullin akwatunan kan hanya, da kuma yaran wa za su fita idan aka yanke waya da tsakar dare. Mun tsaya a kan karɓa-karɓa, wata-wata, kuma za mu rubuta shi a takarda gaban lauya kafin a sa diga a ƙasa.