Yahuza a Tsakiyar Almajirai: Jibin Ƙarshe na Leonardo

A falon kakata akwai wani tsohon kalanda da ba a taɓa saukewa ba duk da cewa shekararsa ta daɗe da wucewa, saboda hoton da ke jikinsa, wato Yesu zaune da almajiransa goma sha biyu a bakin dogon teburi. Tun ina yaro nake neman Yahuza Iskariyoti, almajirin da ya ci amanar Yesu, a cikin hoton, amma na kan kasa nuna shi, har sai kakata ta ɗora yatsa a kan wani mutum mai duhun fuska da ya dafa teburi da gwiwar hannu. Sai da na girma na gane cewa wahalar da na sha wajen gano shi da gangan mai zanen ya shirya ta.

Leonardo da Vinci ya yi ainihin wannan zane, Jibin Ƙarshe, tsakanin 1495 da 1498 a birnin Milan na Italiya, bisa umarnin Ludovico Sforza mai mulkin birnin, a bangon ɗakin cin abinci na gidan ibadar Santa Maria delle Grazie. Faɗinsa ya kai kusan mita 9, tsayinsa kuma ya haura mita 4 da rabi. Ba shi ne ya fara zana Jibin Ƙarshe ba, domin al'ada ce a ƙawata irin waɗannan ɗakuna da shi, don masu ibada su riƙa cin abinci suna tunawa da daren da Yesu ya ci abinci na ƙarshe da almajiransa. Sai dai magabatansa a Fulorans, irin su Andrea del Castagno da Domenico Ghirlandaio, sun saba ware Yahuza shi kaɗai a ɗaya gefen teburin, ta yadda ko yaro zai gane maci amana da kallo ɗaya. Leonardo ya ƙi bin wannan hanya. Ya zaunar da shi a jeri ɗaya da sauran, kafaɗa da kafaɗa da Bitrus da Yahaya, waɗanda suke cikin mafi kusanci da Ubangijinsu.

A ganina, wannan shi ne ya fi dacewa da abin da Linjila ta faɗa. Lokacin da Yesu ya ce ɗaya daga cikinsu zai bashe shi, almajiran ba su juya sun kalli Yahuza ba, kowa kansa ya fara tuhuma yana tambaya ko shi ne. Wannan ɗan lokaci na ruɗewa shi ne Leonardo ya kama. Ya raba su uku-uku, rukuni huɗu, maganar ta ratsa su kamar an jefa dutse a rijiya. Filibus ya miƙe ya dafa ƙirji da hannu biyu kamar mai rantsuwa, Yakubu ya ware hannuwa cikin firgita, Toma kuwa ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Bitrus ya sunkuyo wajen Yahaya yana so a tambayo wane ne, riƙe da wuƙa a bayan Yahuza, abin da ke tuna wa mai kallo kunnen bawan babban firist da zai sara a daren nan. Shi kuwa Yahuza ya ja da baya, ya damƙe jakar kuɗi a hannun dama, hagunsa kuma yana miƙewa wajen akushin da hannun Yesu ya nufa. Wanda ya san nauyin cin abinci a kwano ɗaya da mutum ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan hannu.

Yesu ne kaɗai bai motsa ba. Leonardo bai zana masa da'irar haske a kai ba kamar yadda aka saba, ya bar tagar da ke bayansa ta haskaka shi, ya kuma tsara layukan rufi da bango duka su haɗu a kansa, har ido ba shi da zaɓi sai ya koma gare shi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne halin da zanen ya shiga. Maimakon ya shafa launi a kan ɗanyen shafe, wanda ke tilasta gaggawa amma yana daɗewa, Leonardo ya yi aiki a busasshen bango don ya samu damar gyara a natse, sai fentin ya fara ɓarewa tun yana raye. A 1652 aka fasa ƙofa a ƙasan zanen, aka tafi da ƙafafun Yesu. A watan Agusta na 1943 bam ya rushe yawancin ɗakin, bangon ya tsira ne da buhunan yashi da aka jera masa. Gyaran ƙarshe, ƙarƙashin Pinin Brambilla Barcilon, ya ci fiye da shekara 20 kafin a kammala a 1999.

Ranar da Allah ya nufa na shiga ɗakin, minti 15 kawai aka ba mu. Launukan sun koɗe fiye da na kalandar kakata, wasu fuskokin sai an ƙura ido, kuma rabin lokacin nawa a kan hannuwan nan biyu da ke nufar akushi ɗaya ya ƙare.