Daga Marakesh zuwa Ait Bin Haddu ta kan tsaunukan Atlas

Yau Laraba tun kafin rana ta fito muka shiga doguwar motar safa ta masu yawon buɗe ido a birnin Marakesh na ƙasar Maroko, da nufin haye tsaunukan Atlas zuwa tsohon garin Ait Bin Haddu, mu dawo a ranar. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 180 a zuwa kawai, amma nisan ba shi ne abin lura ba, domin hanya ce mai hawa da kwana-kwana wadda mota ba ta iya sakin jiki a kanta.

Sa'ar farko ta wuce a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai gonakin zaitun, ba wani abin faɗa. Da muka fara hawa ne fasinjoji suka farka da gaske. Ƙauyuka suka riƙa bayyana a jikin tsauni, gidajensu launi ɗaya da ƙasar da suke kai, har sai mutum ya zuba ido sosai kafin ya rabe gini da dutse, kuma a ƙarƙashin kowane ƙauye akwai 'yan gonakin sha'ir da aka yanka hawa-hawa a gefen rafi. Jagoranmu ya tuna mana girgizar ƙasar 8 ga Satumba, 2023, wadda ta kashe mutum kusan 3,000 a wannan yanki na Atlas, akasarinsu a ƙauyuka irin waɗannan da ke yamma da hanyarmu. Motar ta yi tsit na ɗan lokaci, kuma daga nan na daina kallon gidajen a matsayin ado kawai.

Mun yi zangon farko a wani gidan shayi da aka gina a bakin rami mai zurfi. An kawo mana shayi mai ganyen na'a-na'a, wanda mai gidan ke tsiyayawa daga sama don ya yi kumfa, da burodi mai ɗumi, da man zaitun, da zuma, da wani haɗi mai kauri da suke kira amlu, na niƙaƙƙen almon (wani ɗan itace mai kama da gyaɗa) da man argan (man da ake tatsa daga 'ya'yan wata bishiya ta Maroko). Sanyin wurin ya sa na riƙe kofin da hannu biyu, kuma ban ga wanda ya bar ko loma a faranti ba.

Daga nan hanya ta tsananta. Direban, dattijo mai natsuwa, yakan rage gudu tun kafin kwana, ya ba manyan motocin kaya wuri, kuma duk da haka wasu daga cikin masu zama a baya sun yi fama da jiri. Wanda zai yi wannan tafiya ya nemi kujerar gaba, kada kuma ya cika ciki kafin hawan. Da hantsi muka iso mashigar Tizi n'Tishka, wato wuri mafi tsayi da hanyar ke ratsa tsaunin, inda allon da aka kafa ya nuna tsayin mita 2,260. Iska ce mai ratsa tufafi, ga dusar ƙanƙara a kan ƙololuwar da ke nesa, ga kuma masu sayar da duwatsu masu ƙyalli sun baje kaya a bakin titi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sauyin da na gani bayan mun gangara. Gefen arewa da muka hawo yana samun ruwan da iska ke ɗaukowa daga teku, saboda haka akwai itatuwa da ciyayi. Gefen kudu kuwa tsaunin ya tare masa ruwan, sai jajayen duwatsu da busasshiyar ƙasa iya ganin ido, kuma ba inda ake ganin kore sai siririn layin da ke bin kwarin rafi. Duk inda wannan layi ya faɗaɗa akwai mutane, inda ya tsuke babu kowa.

A bakin irin wannan rafi, mai suna Unila, Ait Bin Haddu yake. Gari ne mai ganuwa da aka gina da jar ƙasa a jikin tudu, a kan tsohuwar hanyar da ayarin fatake ke bi tsakanin Sahara da Marakesh, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. Jagora ya nuna mana yadda ake ginin: ana kafa alluna biyu, a zuba ƙasa mai danshi a tsakaninsu, a daddaɓe ta har ta kama, sannan a ɗaga allunan a ci gaba, a sama kuma a yi amfani da tubali a fitar da zane-zane. Mun ƙetare gada, muka bi ta lunguna masu inuwa har zuwa rumbun gari da ke can ƙololuwa, inda a da mutanen garin suke adana hatsinsu saboda nan ne ya fi wuyar kai wa hari. Yawancin iyalai sun koma sabon ƙauyen da ke ɗaya ƙetaren, kuma ana ganin bambancin a fili: gidan da ake zaune cikinsa yaɓensa sumul yake, wanda aka bari kuwa ruwa ya fara cin kansa. Na yi baƙin cikin cewa bayanin da aka fi yi mana na finafinan da aka ɗauka a wurin ne, alhali tarihin maginan ya fi cancanta.

Ƙorafina ɗaya a kan masu shirya tafiyar shi ne rabon lokaci. An tsayar da mu dogon lokaci a shagon man argan da ke kan hanya, amma a garin da muka zo dominsa ana ta hanzarta mu.

Abincin rana ya wanke mini wani ɓangare na ɓacin ran. Tajin aka kawo, wato kaza da aka dafa cikin kaskon yumɓu mai murfi mai tsini wanda ke mayar da tururi kan abincin, ta yadda kazar ta yi laushi da ruwa kaɗan, an dafa ta da zaitun da lemon tsami da aka jiƙa a gishiri. Aka biyo da yankakken lemon zaƙi da aka barbaɗa wa kirfa.

Mun juyo da la'asar ta hanyar da muka zo, kuma saukowa cikin duhu ta fi hawan ɗaukar lokaci saboda jerin manyan motoci. Bayan isha'i muka shigo Marakesh, ƙafafuna suna ciwo saboda hawan rumbun. Idan Allah ya sake kawo ni, zan kwana a ƙauyen da ke ƙetaren rafin, in shiga tsohon garin da sassafe kafin motoci su iso.