Cinikin kirifto da manhaja a Garwa: inda kuɗi ke salwanta

Kamfaninmu a Garwa, arewacin Kamaru, ƙarami ne, muna saye da sayar da kirifto, wato kuɗin intanet, da jarinmu, kuma rabin aikin kwamfuta ce ke yi. Da CCXT muke aiki, wato tarin umarni da aka riga aka rubuta, kyauta ne, yana tafiya da Python da JavaScript da PHP, yana kuma magana da kasuwannin kirifto sama da 100. Abin da ka rubuta domin kasuwar Binance zai yi aiki a Kraken ko OKX da ɗan gyara.

Sefa dai ba ta bi ta nan. Tun watan Mayun 2022 hukumar COBAC, mai sa ido kan bankunan yankinmu na Afirka ta Tsakiya, ta hana su hulɗa da kirifto, saboda haka kirifton da ake kira USDT tsakanin mutum da mutum ake sayensa, a biya ta MTN MoMo ko Orange Money, a Cadi kuma Airtel Money ko Moov Money. Wannan da hannu muke yi. A tuna sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan yuro ɗaya, USDT kuwa dalar Amurka yake bi, don haka da sefa za ka lissafa riba.

Mataki na farko makullin API ne, wato lambar sirri da kasuwa ke ba ka domin manhajarka ta yi aiki da asusunka. Ka ba shi izinin karatu da ciniki kawai, ka rufe izinin cire kuɗi, ka ɗaure shi da adireshin IP guda, wato adireshin kwamfutarka a intanet. Kada ka rubuta shi a cikin manhajar kanta. Sai ka kira umarnin CCXT na load_markets don sanin ƙa'idar kowane kaya. A Binance yawancin kaya ba a karɓar odar da ta gaza USDT 5, kuma adadi yana da iyakar lambobin bayan ɗigo. Amount_to_precision ne ke daidaita shi, in ba haka ba a mayar maka da kuskure -1013. Kasuwar na yankar kashi 0.1 cikin 100 a saye, haka a sayarwa. Wanda ya juya USDT 1,000 ya biya kusan USDT 2, ribar da ba ta wuce nan ba wahala ce kawai.

Agogon kwamfuta ma yana kawo cikas. Idan ya kauce wa na kasuwa fiye da yadda ta yarda, kuskure -1021 zai fito. Kunna adjustForTimeDifference yana magance shi.

Amma abin da ya fi cin kuɗin mutane a nan arewa shi ne yankewar rezo. Ka aika odar saye, kafin amsa ta dawo intanet ta katse ko an ɗauke wuta, CCXT ya ce RequestTimeout. Wannan bai nuna odar ba ta shiga ba. Sau da yawa ta shiga, har an cika ta, amsar ce ta ɓace a hanya. Manhajar da aka rubuta ta sake aikawa duk lokacin da ta ga kuskure za ta sayi kaya sau biyu ko uku, jari ya ƙare mai shi yana barci. Ina jin zafin wannan, domin matasa da yawa da kuɗin 'yan uwa suke shiga.

Maganinsa, kowace oda ka ba ta lambarka ta clientOrderId, ka adana lambar a faifai kafin ka aika. Rezo ya dawo, ka fara tambaya da fetch_order ko tana nan. Kada ka dogara da cewa kasuwa za ta ƙi lambar da aka maimaita: Binance tana ƙin ta ne muddin ta farko na buɗe, da zarar an cika ta sai ta karɓi sabuwa. Haka kuma enableRateLimit, mai taƙaita saurin aika buƙata, ya zauna a kunne, domin mai yawan aika buƙata ana gargaɗinsa da kuskure 429, in ya ƙi ji a toshe adireshinsa da 418.

Mu kan sa manhajar ne a kwamfutar haya ta intanet da ba ta mutuwa, daga ofis sai dubawa. Duk sabon gyara kuma sai ya yi kwanaki a kasuwar gwaji, ta set_sandbox_mode, kafin mu bar shi ya taɓa kuɗin gaske, nan ma da ƙaramar oda ake farawa.