Yadda guguwar Milton ta rutsa da ni a Fulorida

Kwana huɗu ke nan da na sauka a filin jirgin Diori Hamani, amma har yanzu in iska ta kaɗa kwanon rufi a nan Yamai sai gabana ya faɗi.

Ziyara na je wa ɗan ƙanwata a Tamfa, jihar Fulorida. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne tulin katifu da kujeru da firji a bakin titi. Na ce masa, “Haka ake zubar da arziki a garin nan?” Ya ce, “Kawu, ɓarnar guguwar Helin ce ta ƙarshen Satumba, ba a gama kwashewa ba.”

Ran Litinin 7 ga Oktoba 2024 sai ga labarin wata guguwar, Milton. Cikin ƙasa da kwana guda ta kai mataki na 5, mafi tsanani, iskarta ta kai kilomita 285 a awa. Hukuma ta ce mazauna bakin teku su tashi. Na ce mu kama hanyar arewa tun da rana. Yaron ya ce a’a, ga aiki, ga tsadar otal, mu riƙa matsawa kaɗan-kaɗan muna sauraron tele. Na yi shiru don shi ne ɗan gari, kuma shirun nan har yau yana cina.

Talata muka nufi Lekland, abin da bai wuce kilomita 55 ba. Awa huɗu muka yi. An ɗage kuɗin hanya, an bar motoci su bi ta gefen gudron, duk da haka ba motsi. Na jinjina musu abu guda: ba oda, ba mai kutse. Da a gadar Kennedy ta Yamai ne da an ba hammata iska. Gidajen mai kuwa an ɗaure bakin famfo da leda, alamar babu. Inda muka samu, da na lissafa, lita ta zo kusan sefa 499 ɗin da muke saya a gida a lokacin, sai dai layin ya ci mana wata awar.

Otal ɗin da muka tambaya, ɗaki guda ya haura jikka 120 a kwana. Matar da ke wurin ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce ya cika, mu ba na baya wuri. Dattijo da furfura a tsaye, ko ruwa! A Tawa baƙon dare ba ya rasa tabarma a zaure. Cikin mota muka kwana.

Laraba muka ƙara matsawa zuwa Olando, nisanta da Tamfa kamar Yamai da Doso. A nan na gane kuskurenmu. Guguwar daga yamma take zuwa gabas, mu ma gabas muke yi, muna tafe tana biye. Hadarinmu na Adar kana hango jar ƙurarsa, ka shige ɗaki, awa guda ya wuce. Wannan faɗinta ɗaruruwan kilomita ne, taku biyu ba ya fitar da kai daga bakinta. Matsawar ta raba mu da ruwan teku, ban musa ba. Amma kowane jinkiri ya ci mana mai da wurin kwana, har zaɓi ya ƙare. Sai na tuna mutanen unguwar Lamorde ta Yamai a ambaliyar 2020, ana ɗaga kaya bisa gado, daga gado zuwa rufi, har kogi ya gama da gidan.

Wani Bakano da muka haɗu da shi a masallaci ne ya ɗauke mu. Ya ce, “Alhaji, gida naka ne.” Matarsa ta dafa shinkafa da wake tun kafin a ɗauke wuta, ta cika bahon wanka da ruwa. Daren nan Milton ta faɗo kusa da Sarasota a mataki na 3. Mu tara a lungun da ba taga, tocila guda, yara sun ƙanƙame uwarsu, iska na kuka kamar tirela a saman gidan. Ban daina salati ba har asuba.

Da muka koma Tamfa mun tarar ruwa ya shiga ɗakin yaron har idon sawu. Makwabciyarta Sen Fitasbag ta samu ruwan sama fiye da milimita 450 a kwana guda, ya zarce na damina ɗaya a Tawa. Mutum sama da miliyan 3 ba wuta.

Sauran kwanakin shara da shanya ne. Na biyo ta Istambul na dawo. Tsaraba ko ta jikoki ban samu saye ba.