Zaɓen fanka don ɗakin sanyi a Kano

Duk wutar da fanka ta ci a cikin ɗakin sanyi na adana kayan gwari zafi take komawa, kuma kwamfireso, wato injin da ke sanyaya ɗakin, shi ne zai sha wahalar fitar da shi. Ke nan sau biyu ake biyan kuɗin wuta ko dizal. Shi ya sa na fi son fanka mai injin EC, wato injin da allon lantarki ke sarrafa gudunsa. Tsohon samfurin injin fanka mai araha yana ɓarnatar da fiye da rabin wutar da yake ja, EC kuwa cinsa kaɗan ne, kuma ana iya rage masa gudu.

Rage gudun nan ba ƙaramin abu ba ne. Tumatir yana son laimar iska ta kai kashi 90 zuwa 95 cikin 100. Iska mai ƙarfi ta yi ta bugunsa dare da rana, sai ka ga fatarsa ta yamutse, nauyi ya ragu. Albasa kashi 65 zuwa 70 take so, don haka kada a haɗa su ɗaki ɗaya.

Da damina, musamman Agusta, a taƙaita shigo da iskar waje. Danshinta ne ke daskarewa a jikin bututun sanyi har ya toshe hanyar iska. Bayan an narkar da ƙanƙarar, fanka ta jira 'yan mintuna ruwan ya tsiyaye, in ba haka ba kan kaya za ta watsa shi.

A duba alamar IP54 ko sama da haka a jikin fanka, wato alamar da ke nuna tana jure ƙura da fantsamar ruwa. A sa sitabilaiza, domin hawa da saukar wuta na ƙona allon lantarkin EC.