Batakarin da ya fito yana ƙyalli kamar leda

Ƙannena na Aboabo da Asawase a Kumasi, masu kwana gaban kwamfuta kuna sauya wa wasanni kamanni, ga abin da ya cinye mini mako biyu, ba na so ya cinye muku.

Skyrim nake gyarawa, wasan da kamfanin Bethesda ya fitar a 2011. Burina in sa wa jarumin batakari, wato rigar saƙi irin ta kasuwar Kejetia, mai ratsin fari da shuɗi. Na ɗauki hoton rigar babana, na daidaita shi a manhajar gyaran hoto ta GIMP, na kai wasan. Sai ga rigar auduga tana walƙiya kamar ledar da aka shafa wa mai.

Laifina ne, kuma a wurin alfa yake. Kowane ɗigon hoto lambobi huɗu gare shi: ja, kore, shuɗi, sai na huɗun da ake kira alfa, kowanne daga 0 zuwa 255. Abin da na sani a lokacin shi ne alfa 0 na nufin ana hangen abin da ke baya, 255 kuma a rufe yake ruf. Haka ne a hoton launi. Amma akwai fayil na biyu mai ƙarewa da _n.dds, wannan mai launin shunayya, wanda ke nuna wa haske inda tudu yake da inda kwari yake a jikin riga. A Skyrim, alfa ɗin wannan fayil ƙarfin ƙyalli yake aunawa. Da na buɗe shi na ga kamar rabinsa ya goge, na ɗauka lalacewa ya yi, na cire alfa ɗin gaba ɗaya. Wasan kuwa ya karanta 255 a ko'ina. Don haka kafin ku taɓa alfa, ku buɗe shi shi kaɗai ku duba, ku gano aikin da wannan wasan ya ba shi, domin kowane wasa da tsarinsa. Auduga alfa mai duhu take so, wato ƙaramar lamba, ƙarfe da duwatsun ado mai haske, wato babbar lamba.

Ko da na gyara, sai na sake faɗawa ramin ta wata ƙofa. Na adana fayil ɗin a DXT1, ɗaya daga cikin tsare-tsaren matse hoto, don ya rage nauyi, alhali alfa ɗin DXT1 abu biyu kawai ya sani, ko akwai ko babu. DXT5 ne ke riƙe matakan tsakani. Hoton 1024 da 1024 zai tashi daga rabin megabait zuwa guda, amma ya cancanci nauyinsa. JPEG kuwa ba shi da alfa sam.

Sai ɗinkin wuya, wanda ya kamata ya taso amma ya lotsa ciki. Wajen karanta tudu da kwari a irin fayil ɗin _n.dds, Blender, manhajar ƙera siffofin 3D, tsarin da ake kira OpenGL yake bi, Skyrim na DirectX, kuma bambancinsu a sashen kore na fayil ɗin yake. Juya koren kawai za ku yi.

Gezar gindin rigar ma ta fito da farin layi a gefe. Ɗigogin da alfa ya ɓoye suna nan da launinsu, nawa farare ne, kuma idan wasan ya ƙanƙantar da hoton daga nesa sai ya gauraya su da na kusa. Ku shafa launin rigar ya zarce bakin gezar tukuna, sannan ku yanke da alfa.

Fayil ɗin DDS, wato irin hoton da wasan ke karantawa, matsattse ne, duk buɗewa da sake adanawa sai ya rage kyau. Ku riƙe asalin aikinku a XCF, wato fayil ɗin GIMP, ku riƙa adanawa a kai a kai, tunda kun san halin wutarmu.

Yanzu kowace riga sau biyu nake gwada ta, da tsakar rana a fili, da kuma cikin kogo da wutar jiniya a hannu. Ƙyallin da rana ta ɓoye, a kogon yake bayyana.